Garken Cikin Madubi

Kujera biyu ce a shagon Mai Garke, amma ɗaya ke aiki. Ɗayar tun da ƙafarta ta karye ta koma wurin shanya tawul. Kilifa uku, biyu na aski, ta ukun ana ciro kayan gyara a jikinta. Benci ɗaya mai cin mutum huɗu, biyar idan an samu ramamme. Babban madubi a bangon gaba, talabijin a bangon baya, suna kallon juna. Sai kuma shanu ɗari uku da goma sha bakwai.

Shanun ba su taɓa cin ciyawar kowa ba. Suna cikin wani gem ne na kaboyi, irin wanda ake sa faifai a na'ura a haɗa da talabijin, a riƙe hannun wasa mai maɓallai ana juya mutumin da ke ciki. Amma duk unguwar ba wanda zai ce maka mai askin nan ba shi da shanu. Sunansa na gaskiya ma ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane.

Mutum ne da abu bai taɓa yaɗuwa a hannunsa ba. Ubansa ɗan dako ne a kasuwa, ya mutu ya bar igiya da gammo. Shi ya koyi aski daga sharar gashi a shagon wani, ya yi aure, aka haifa masa 'ya'ya mata uku. Ya gwada fita daga kan mutane, abin bai yiwu ba. Ya sayi akuya, ta ci leda ta mutu. Ya sayi babur ya ba da haya, aka nemi babur da mai hayar aka rasa. Ya sayi firji don sayar da ruwan sanyi, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone shi tun kwalinsa na tsakar gida. Daga nan ya haƙura ya riƙe kilifarsa.

Na'urar ta ƙanensa ce, Auta. Ranar da Auta zai tafi neman aiki ƙasar waje ya shigo da ita a kwali, ya ɗaura talabijin a bango da hannunsa, ya nuna wa yayan yadda abin yake. Wani tsohon kaboyi ne mai farin gashin baki, an ba shi shanu ya koro su daga ƙasar da fari ya cinye zuwa tashar jirgin ƙasa. A hanya akwai ɓarayi, akwai kyarketai, akwai ƙishirwa. Auta ya ci duk wannan, ya kawo garken wani kwari mai ciyawa a bakin kogi. Tashar na tsallake, gada ɗaya ce tsakani.

“Yaya, ka ga gadar can? Kar a hau,” in ji Auta. “Da zarar bijimin gaba ya ɗora kofato a kanta, na'ura ta ajiye, ba dawowa. Za a loda su a jirgi, labari ya ƙare. Ka riƙe min su a kwarin nan. In na dawo mu tsallaka tare.”

Shanu tara ya bari, da bijimi baƙi guda a cikinsu. Da farko yana kira, yana tambayar shanu kafin ya tambayi Inna, mahaifiyarsu. Daga baya kiran ya ja baya, sannan lambar ta daina shiga. Mai Garke ya sa wa bijimin suna Auta, bai kuma sake maganar ba.

Su masu gem ɗin sun yi kwarin ne don mutum ya ɗan huta kafin ya ƙarasa. Ba su san za a zauna a ciki har jaririn da aka fara yi wa aski a shagon ya fito da gashin baki ba. A kwarin shanu na haihuwa, kuma gem ɗin na bari a raɗa wa maraƙi suna, muddin bai wuce harafi goma sha biyu ba. A nan al'adar shagon ta samo asali. Duk wanda ke jiran layi, shi ke kiwo. Ya kai su ruwa, ya kore kyarketai, ya dawo da wadda ta ɓalle. Idan saniya ta haihu hannun wasa na hannunka, maraƙin ya ci sunanka. Akwai Tela, akwai Tela Ƙarami, akwai Mai Walda, akwai Birkila, akwai Tica, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda saniyarsa ta fi kowace taurin kai. Akwai mutanen da suka tashi daga unguwar, shanunsu na nan. Akwai waɗanda suka mutu, su ma nasu na nan suna tuƙa.

Shi Mai Garke ba ya riƙe hannun wasa, hannuwansa na kan mutane. Ta madubi yake kiwo. Idonsa ɗaya na kan ƙeyar da yake gyarawa, ɗaya na cikin madubi yana kallon talabijin ɗin da ke bayansa, bakinsa na ba da umarni. To madubi kuwa juya abu yake yi. Gadar da ke hannun dama a talabijin, shi a hagu yake ganinta. Kwarin da ke hagu, a dama yake ganinsa. Ya yi ƙoƙarin gyara bakinsa a farko, ya kasa, don abin da ido ya gani baki ke faɗa. Sai mutanen benci suka gyara kunnuwansu. Kowa ya sani, damar Mai Garke hagu ce. Baƙo na zama, kafin a miƙa masa hannun wasa, wani a benci zai dafa shi ya ce, “Malam, abu biyu. Kar ka kusanci gada. Kuma in mai shago ya ce dama, ka yi hagu.” A yi dariya, a ba shi.

Matarsa ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba, sai dai ta mayar da shi abin tsokana.

“Mai shanu ɗari uku,” takan ce idan ya shigo gida, “madarar gwangwani ta ƙare. Ko za a tatso mana?”

“Ɗari uku da sha ɗaya,” ya gyara mata.

“To a yanka ɗayar, mu ga nama.”

Akwai wata jar saniya mai ƙaho ɗaya da ake kira Direba. Mai sunan direban babbar mota ne, mutum mai ƙarar murya, wanda in ya dawo daga doguwar tafiya shagon yake fara tsayawa kafin gida, ya leƙo ya ce, “Ina matata ta biyu?” Saniyar ta haifi maruƙa goma sha ɗaya, ana ta yi masa tsiya cewa ya fi haihuwa a bango. Motarsa ta faɗi da shi a wata tafiya. Bayan an share makoki, matarsa ta fara tsayawa a ƙofar shagon in za ta kasuwa. Ba ta shiga, ba ta doguwar gaisuwa. Duk wanda ke kiwo ya san abin yi: ya nemo jar saniyar ya matso da ita har ta cika talabijin. Matar ta dube ta, ta ce, “Ta yi ƙiba,” ko “Yau kamar ba ta ci ba,” ta gyara mayafi ta wuce.

Labarin kashi na biyu na gem ɗin surukinsa ne ya kawo shi, mijin babbar 'yarsa, mai sayar da wayoyi a bakin titi, wanda ake kira Mai Waya. Ya shigo benci cike, yana ɗaga waya sama.

“Baba, albishirinka! Gem ɗinka ya haihu. Kamfani ya fitar da na biyu, kuma sun ce daga yanzu ba tsayawa, na uku na hanya, na huɗu na bayansa.”

“Na biyun me?” in ji Mai Garke, bai ɗago daga kan da yake yi ba. “Mu na ɗaya ma ba mu gama ba.”

“Ku kaɗai a duniya! Mutane miliyan nawa sun gama sun manta.”

“Tsohon na ciki?” Tela ya tambaya.

“Tsoho ya mutu. Jikansa ne yanzu. Bindiga biyu, doki kamar ka taɓa shi.”

“Shanu fa?”

“Akwai shanu mana. Amma harbi ya fi yawa.”

Tica ya cire tabarau ya goge da bakin riga. “Wanda ya rubuta labarin nan ya sa masa gada ne don ya san inda zai tsaya. Yanzu sun ga kasuwa, za su yi ta jan sa kamar roba. Jika, tattaɓa kunne, har a kai ga wanda bai san warin saniya ba.”

“Tica, abu in ya yi daɗi ai ƙarawa ake yi,” in ji Mai Waya. “Kai da ka koyar da aji ɗaya, ka hana a buɗe aji biyu?”

Benci ya fashe da dariya. Mai Garke ya kashe kilifa.

“Su bar abin yadda yake. Wanda ya yi shi ya gama, su sa masa albarka su nemi wani aikin.”

Mai Waya ya dube shi, da ladabinsa, amma bai haɗiye maganar ba. “Baba, ka yi haƙuri, kai ne fa ka fara ƙin ƙarshe. Shekara da shekaru ka tsare tsoho a bakin kogi, ka hana shi ajiye hula. Abin da kake yi kamfani zai yi. Bambancin kawai, su za su ci riba.”

Mai Garke ya kunna kilifa, ya ce, “Ni kiwo nake yi. Shanun jiya su ne na yau.” Ya ci gaba da aski, amma ranar sai da ya ɗan yanki kunnen Birkila.

Ba a jima ba aka buɗe sabon shagon aski a tsallaken titi, ido da ido da nasa. Mai shagon wani ne da ake kira Ɗan Gaye. Kujera uku masu kwanciya, na'urar sanyaya ɗaki, talabijin kamar ƙofa, da sabuwar na'ura mai kashi na biyu, hannun wasa huɗu. Ba wanda ya yi faɗa da Mai Garke, ba wanda ya ce askinsa ya lalace. Mai Walda ya ce zai leƙa kawai ya ga dokin. Tela Ƙarami ya bi shi don ya dawo da shi, shi ma ya zauna. Benci mai cin biyar ya koma uku, ya koma biyu. Suna wucewa ta ƙofarsa da sabon aski, su ɗaga hannu su ce, “Mai Garke, ya shanu?” ya ce, “Suna gaishe ku.” Haihuwa ta ragu, don kiwo sai da mai kiwo. Garken ya tsaya a ɗari uku da goma sha bakwai, ya ƙi gaba.

Mai Waya ya dawo da wata dabara, wannan karon a gida, gaban matar Mai Garke.

“Baba, na bincika. Duk wanda ya gama na ɗaya, in ya kai memorinsa, ɗan abin da na'ura ke ajiye wasan a ciki, aka sa a na biyu, akwai tukuicin da kamfani ke ba shi. An ce abin da ka tara na biyo ka. Ku tsallaka gadar nan kawai. Ni zan nemo maka sabuwar na'ura, mutanenka su dawo.”

“Wa ya ce?”

“Haka ake faɗa.”

“Wa ya gani da idonsa?”

Mai Waya ya sosa ƙeya. Matar ta ce, “Malam, yaron nan taimakonka yake so ya yi. Benci ba kowa. Shanun bango za mu ci?”

“Amana aka ba ni.”

“Wanda ya ba ka amanar ya san ma kana raye?”

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, rana tar a waje. Tica ne a kujera, shi kaɗai ya rage cikin na kullum, an kwantar masa da kai, fuska duk kumfa, ana yi masa gyaran gemu da reza. Sai wani mutum ya yi sallama, sabon ma'aikacin wuta da aka turo unguwar yana duba mita. Ya duba mitar bayan ƙofa, ya shafa kansa, ya ce bari ya jira a rage masa suma. Ya zauna a benci shi kaɗai, kusa da hannun wasa.

Mai Garke ya ji wani daɗi da ya kwana biyu bai ji ba. Akwai saniya mai tsohon ciki a garken, 'yar jar saniyar nan Direba, an tsayar da gem ɗin tun jiya don ba mai riƙewa.

“Malam, ka iya gem?”

“Ina taɓawa.”

“To ɗauki. Kiwo kawai za ka yi. Akwai mai haihuwa, in ta haihu a hannunka sunanka za mu sa. Ka dai nisanci gada.”

Rabin gargaɗin ya faɗa. Ɗaya rabin, tun da aka ɗaura talabijin ɗin nan, bai taɓa fita daga bakinsa ba ko sau ɗaya. Aikin mutanen benci ne, mutanen benci kuwa suna tsallaken titi suna harbi.

Mai mita ya iya, har ya fi Tela. Ya tattara garken, ya kai su ruwa ta bakin kogi. Mai Garke na kallo ta madubi yana murmushi, rezarsa na sauka a hankali ƙarƙashin haɓar Tica. Sai hadari ya haɗu a cikin gem ɗin, kamar yadda yakan yi jefi-jefi. Aka yi tsawa. Baƙin bijimi ya zabura, garken gaba ɗaya ya bi shi. Abu ne da an saba da shi a shagon, maganinsa guda: a sha gabansu a mayar da su kwari.

“Dama!” in ji Mai Garke. “Koro su dama!”

Mai mita ya sha gaban bijimin, ya karkata shi dama, tsaf, kamar wanda aka haifa a kan doki.

A madubi Mai Garke ya ga garken ya yi hagu, wajen gada. “Na ce dama! Malam, dama!”

“Dama nake yi, Baba!”

Tica ya gane. Ya yunƙura zai yi magana, reza na kan maƙogwaronsa. Hannun Mai Garke, wanda ya saba da kan da ke motsi, ya danne goshinsa da kansa. “Kar ka motsa, Tica, zan yanka ka. Dama, bawan Allah! Dama!”

Sai aka ji wata ƙara da ba a taɓa ji a shagon ba, ƙarar kofato a kan katako. A kusurwar talabijin wani ɗan zobe ya fito yana juyawa, alamar na'ura na ajiyewa.

Mai Garke ya yar da reza, ya tsallake benci, ya fizge wayar wuta daga bango. Ya tsaya riƙe da ita yana haki. Ya mayar. Na'ura ta tashi, hoto ya dawo, bijimin na tsakiyar gada, garken na bayansa. Ya sake cirewa, ya sake mayarwa. Tsakiyar gada.

“Hagu yake nufi,” Tica ya ce, murya ƙasa-ƙasa, kumfa na zuba a wuyan rigarsa. “In ya ce dama, hagu yake nufi.”

“To wa ya gaya min?” in ji mai mita. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ajiye hannun wasa a benci kamar abu mai zafi.

Daga nan gem ɗin ba ya bukatar kowa. Su ukun suka tsaya suna kallo. Aka buɗe taragai, shanu suka shiga layi, kowace in za ta hau sai sunanta ya fito a samanta. Mai Garke bai taɓa karanta sunayen nan a miƙe ba, kullum a juye yake ganinsu. Auta ya fara hawa. Tela. Birkila. Mai Walda. Wani mai gadi da ya rasu tun 'yar Mai Garke ta biyu na goye. Jar saniya mai ƙaho ɗaya ta ɗan tsaya a bakin tarago, aka tura ta. 'Yarta mai ciki ta hau da cikinta. Bakin Mai Garke na motsi yana ƙirgawa, bai tsallake ko ɗaya ba, ɗari uku da goma sha bakwai cif. Jirgi ya yi kuka ya ja. Tsohon kaboyi ya cire hularsa ya rataye a jikin shinge, ya juya baya ya tafi da ƙafa. Sunayen Turawan da suka yi gem ɗin suka fara hawa sama, da kiɗa mai sanyi.

“Baba, don Allah ka yafe ni,” in ji mai mita.

“Ba ka yi komai ba. Abin da na ce ka yi.” Ya ɗauki reza a ƙasa, ya sa sabuwa, ya ƙarasa gemun Tica. Sannan ya kaɗe tawul ya ce wa baƙon, “Zo zauna. Ƙasa-ƙasa ko a bar sama?”

Kafin la'asar labari ya kai bakin titi. Mai Waya ya zo da gudu, fuskarsa ta kasa zaɓa tsakanin jaje da murna.

“Baba, tunda abin ya riga ya faru, kawo memorin. Wataƙila alheri ne. Mu je a sa a gani.”

Mai Garke bai taɓa taka shagon Ɗan Gaye ba. Ya zare memorin, abu kamar akwatin ashana, ya dunƙule a hannu, ya tsallaka titi da rigar aikinsa. Sanyin ɗakin ya dake shi. Mutanensa na zaune a kujerun jira masu laushi, ya ƙirga bakwai da suke da shanu a wurinsa. Suka tsayar da harbi. Ɗan Gaye ya karɓe shi da girmamawa, ya nemo wata waya aka haɗa, Mai Waya ya yi ta danne-danne. Aka jira. Rubutun Turanci ya fito.

“Karanta,” in ji Mai Garke.

“Suna godiya, wai kai tsohon masoyinsu ne. Sun ba ka kyauta.”

A talabijin jikan kaboyi ya juyo, da tsohuwar hular kakansa a ka.

“Hula,” in ji Mai Waya a hankali.

“Shanun fa?”

Mai Waya ya danna nan, ya danna can. “Baba, shanu a nan saye ake yi. Akwai kasuwa a ciki. Goma-goma suke zuwa, duk kala ɗaya.”

“Ana sa musu suna?”

“Lamba gare su.”

Tela ya miƙe tsaye. “Tsaya, wai har tawa ta tafi? Da 'ya'yanta?”

“Kai da ka bar ta ba kiwo,” wani ya ce daga baya, aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

“Hular dai ta yi kyau,” in ji Ɗan Gaye. “Ba kowa ke da ita ba.”

“Ku riƙe,” in ji Mai Garke. Ya bar musu memorin ya fito.

Washegari ya sauke talabijin, ya mayar da na'urar kwalin da Auta ya kawo ta, ya tura ƙarƙashin gado. Matarsa ta ga kwalin. Ranar ba ta yi maganar madara ba, ba ta kuma sake yi ba. A bangon shago aka bar wani murabba'i inda fenti bai koɗe ba, da ƙusa huɗu. Har yanzu in yana aski idonsa ɗaya na zuwa wurin.

Matar Direba ta zo ranar kasuwa. Ta tsaya a ƙofa kamar kullum, ta dubi bango, ta daɗe tana duban ƙusoshin.

“Gyara aka kai?”

Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, Tica ma daga benci ya gyaɗa masa kai alamar ya ce eh. Mai Garke ya kashe kilifa.

“An loda su a jirgi. Duka.”

“Har ita?”

“Har ita. Ta ɗan tirje, aka tura ta.”

Matar ta gyara kwandon da ke hannunta. “Shi ma haka yake in zai fita,” ta ce. Ta wuce. Daga ranar ta canza hanyar kasuwa, ta bayan layi take bi.

Mutanensa kaɗan sun dawo, don Ɗan Gaye bai iya gemu ba. Sukan zauna a benci kowa da wayarsa, ba mai magana da wani. Wata rana Mai Waya ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya waya a hannu.

“Baba, na uku ya fito. Wai mutane sun yi ta ƙorafi, sun dawo da tsohon, ashe bai mutu ba. Sun dawo da kwarin ma, da kogin, da komai. Har sa suna sun dawo da shi. Ana tambayar mutane ko a ci gaba da na huɗu. In danna maka eh ko a'a?”

Mai Garke na gyara wa mai mita ƙeya, don mutumin ya zama na kullum, duk da ba ya iya haɗa ido da bangon baya.

“Gadar fa?” ya tambaya.

“Sun cire gada. Yanzu ba ƙarshe, sai dai ka gaji.”

“Shanu nawa ake farawa da su?”

Mai Waya ya duba. “Tara.”

Kilifa ta yi ta kuka a iska, ba ta taɓa gashi ba. Sannan Mai Garke ya sa yatsa biyu ya sunkuyar da kan mai mita.

“Danna musu abin da ka ga dama,” ya ce. “Ka matsa daga ƙofa, kana tare min haske.”